Sunan da Suke Nema

Shekara talatin da ɗaya Mma Zeliya
na dafa shinkafa da wake a bakin babban kwalbatin Nima.
Kafin assalatu karan dafi ya gama zubar da jansa a tukunya,
kanwa ta gama lallashin wake.
Ni ne autanta. Wata Talata da aka ɗauke wuta
na rubuta sunanta a injin bincike,
ya ce bai san ta ba.

Wanda ya sani wani ne can Osu,
bara ya buɗe, kujerunsa da laushi,
shi ke sahun gaba, dab da liman.
Na yi ta gangarawa har babban yatsana ya yi tsami,
na kai inda ba mai leƙawa,
inda sunaye ke kwance kamar takalman da aka manta a masallaci.
Ko can babu ita.

Na ce, Mma, ba shinkafa da wake suke rubutawa ba.
Sun haɗiye shinkafar, sun ja wa waken wuya,
waakye suke nema.
Ta ɗaga ludayi ta dube ni.
Ta ce, ɗan da aka raɗa wa suna a ɗakinmu
ya shiga gari ya dawo da laƙabi,
yanzu ni zan koyi kiransa?
Na ce, e.
Ta ce, miƙo min ganye.

Dare goma sha ɗaya ina ɗana kalmomi
yadda masunta ke ɗana ƙugiya:
na ganye, mai zafi, kusa da ni, tun asuba.
Na sa taliya, na sa shito, na sa ganda.
Na rage wa hotuna ƙiba,
don mai yunwa ba ya jiran hoto ya gama sa riga.
Sai na gane injin nan halin mai unguwa gare shi,
ba ya jin yabon kai, sai wani ya tsaya maka.
Na bi yaran mota a tashar Mamobi,
na bi nas Rukaya mai saye da sidi goma ba ƙari,
ina roƙon taurari da rana tsaka.

Muka tashi daga babu zuwa na sha tara.
Na bakwai. Muka zame, na sha biyu,
na kwana ban ci ba, a gidan da tukunya ba ta hutawa.
Na huɗu.
Ranar da muka hau na ɗaya na ruga da waya a hannu,
ta ce in kauce, ina tare mata iskar murhu.

Suka zo. Motoci masu baƙin gilashi,
mutanen da ke ciyar da waya kafin baki,
layi ya miƙe har shagon mai faci.
Ƙarfe takwas da kwata ludayi ya daki ƙarfe.

Ƙarfe tara sai ga Baba Moro mai gadi,
wanda idonsa ya dushe tun ina rarrafe,
hanci ke kawo shi, bai taɓa ɓata ba.
Na buɗe baki in ce ya ƙare.
Mma ta sa hannu ƙarƙashin tebur,
ta zaro ƙunshin ganye, da ɗuminsa,
har da ƙwai, yadda yake so.

Da ya tafi ta ce, Suraju,
mai unguwar naka na cikin waya,
a lamba ta nawa ya sa wannan?

Ban amsa ba. Na duba waya.
Na Osu ya farka, ya sauya kalmominsa,
yana numfashi a ƙeyarmu.
Ta ce, gobe a ƙara mudu shida,
kuma ka wanke hannu, tukwane na jiranka.